Tambaya da Amsa: Yadda Ake Saita Dish a Ranar Kafa Shi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke magana, wato yadda ake fuskantar da dish zuwa ga tauraron ɗan'adam har hoto ya fito ya kuma zauna. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma fi tsayawa a kan ta farko da ta biyu, domin wanda ya fahimci amsarsu zai iya warware yawancin sauran da kansa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi dish mai faɗin santimita 90 tare da risiba, na haɗa komai da kaina kamar yadda takardar da ta zo da kayan ta nuna. A allon talabijin akwai layuka biyu na sigina. Na sama ya haura rabi tun da na kunna, na ƙasa kuwa ko motsi bai yi ba, alhali na juya dish ɗin dama da hagu har na gaji. Kayan ne ba su da kyau, ko akwai abin da ban sani ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da wuya a ce kayanka ne suka lalace, kuma layin saman da ya tashi shi ne shaidar hakan. Wannan layi, wanda ake kira layin ƙarfi, abin da yake nunawa kawai shi ne risiba tana aika wuta zuwa LNB, wato ƙaramar na'urar da ke ɗaure a ƙarshen hannun dish, kuma LNB ɗin yana dawo mata da wani abu ta cikin kebul. Ko da bango ka fuskantar da dish ɗin, wannan layi zai iya tashi. Layin ƙasa, wanda masu sana'ar suke kira kwaliti, shi ne layin inganci, kuma ba ya motsi sai risiba ta karɓi saƙon da za ta iya karantawa daga ainihin tauraron da aka saita ta a kansa. Shi ne abin kallo a duk tsawon aikin.

Yana da kyau ka san abin da kake nema a sararin sama. Taurarin da ke watsa talabijin suna jere a kan zobe ɗaya da ke saitin layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. A wannan nisan ne saurin zagayen tauraro yake yin daidai da juyawar duniya, shi ya sa ga wanda yake ƙasa tauraron yake zama kamar an kafe shi a wuri ɗaya dare da rana. Masanin nan ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana amfanin wannan zobe ga sadarwa tun a 1945, kuma a 1964 aka harba Syncom 3, tauraro na farko da ya zauna a kansa. Kowane tauraro yana da mazauninsa da ake ambata da digiri: Nilesat yana digiri 7 yamma, Hot Bird yana 13 gabas, Badr na Arabsat yana 26 gabas, Intelsat 20 kuwa yana 68.5 gabas. Wanda yake arewa da ikwaita zai ga zoben a ɓangaren kudu, wanda yake kudu da shi zai gan shi a ɓangaren arewa, wanda kuma yake kusa da layin zai same shi can sama, yana ratsa kansa daga gabas zuwa yamma.

Abin da ke sa aikin wahala shi ne ƙuncin ganin dish. Dish irin naka, a kan zangon Ku, wato rukunin firikwensin da yawancin ƙananan dish ke aiki da shi, faɗin abin da yake iya gani bai wuce digiri biyu ba. Idan ya kauce da digiri ɗaya kacal, rabin ƙarfin siginar ya tafi, kuma kaucewar digiri ɗaya tana faruwa ne da motsin da bai kai santimita ɗaya ba a gefen farantin. A can inda tauraron yake, wannan ɗan motsi ya zama tazarar fiye da kilomita 600. Saboda haka mai yiwuwa ka wuce ta kan tauraron sau da yawa ba ka sani ba, ko dai don ka yi sauri, ko kuma don dish ɗin yana kallon sama ko ƙasa da inda ya kamata, kana ta share layin da babu komai a kansa.

Ka koma ga turken da ka ɗora dish a kai kafin ka sake taɓa komai. Wajibi ne ya miƙe tsaye cak, ba ya karkata ko ta wane ɓangare, kuma ka tabbatar da haka da ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa ko da zare mai nauyi a ƙasa, ka gwada ta fuska biyu. Wannan ne matakin da aka fi rainawa, kuma a ganina shi ne tushen yawancin wahalar da masu kafawa suke sha. Lambobin digiri da aka zana a ƙarfen bayan dish an yi su ne bisa zaton turken a miƙe yake. Idan ya karkata, lambobin sun zama ƙarya, sa'annan duk lokacin da ka juya dish gefe, ɗagawarsa ma za ta riƙa sauyawa ba tare da ka taɓa ta ba.

Daga nan sai ka nemo lambobi uku na wurin da kake, dangane da tauraron da kake so: kusurwar ɗagawa, kusurwar juyi gefe, da kusurwar murɗa LNB. Manhajojin waya na saita dish suna ba da su da zarar sun san inda kake. Ɗagawa ake fara saitawa, a bi lambobin bayan dish, a ɗaure notocinta daidai yadda ba za ta zame ba. A nan akwai abin da ke ruɗin mutane da yawa. Yawancin ƙananan dish, waɗanda hannunsu yake fitowa daga ƙasa, suna kallon sama fiye da yadda fuskarsu take nunawa da kimanin digiri 22 zuwa 26. Idan bambancin naka digiri 25 ne, tauraron kuma yana digiri 55 daga ƙasa, fuskar dish za ta kwanta baya da digiri 30 ne kawai. Wanda ya auna da ido, ya nufi tauraron da fuskar farantin ko da hannunsa, zai wuce shi nesa. Lambobin bayan dish sun riga sun lissafa wannan bambanci, don haka su za a bi.

Kafin ka fara juyawa, ka duba saitin risiba. Idan LNB ɗinka irin na gama-gari ne, lambobinsa 9750 da 10600 ne, kuma dole su bayyana haka a wurin saitin LNB. Sai ka zaɓi firikwensi ɗaya da ka tabbata yana aiki a yanzu a kan wannan tauraro, tare da harafinsa, H (saƙon da ke zuwa a kwance) ko V (wanda ke zuwa a tsaye), da kuma lambar gudun saƙonsa. Jerin da ke zuwa a cikin risiba daga kamfani yakan tsufa, kuma idan firikwensin da ka zaɓa an rufe shi, ko ka saita dish daidai layin inganci ba zai motsa ba.

Yanzu sai ka sassauta notocin turke kaɗan, ka tsaya a bayan dish domin kada jikinka ya tare siginar, ka fara daga ɗan nesa da inda kake zaton tauraron yake, kana turawa kaɗan-kaɗan kana tsayawa daƙiƙa uku ko huɗu bayan kowane motsi, saboda risiba tana buƙatar lokaci kafin ta kama ta nuna. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka share digiri goma sha biyar ta kowane gefe ba ka ga komai ba, ka ƙara ɗagawa da digiri ɗaya ka sake sharewa, sa'annan ka gwada ragewa. Zai fi maka sauƙi ka kawo ƙaramin talabijin da risibar kusa da dish, domin mai kallon allo daga ɗaki yana ɗaga murya yakan sanar da kai ne bayan ka riga ka wuce.

Tambaya: An kafa mini dish, hoto ya fito tas, mai aikin ya tafi. Amma ko yayyafi aka yi, ko iska ta ɗan kaɗa, sai hoton ya riƙa tsinkewa, alhali na maƙwabcina bai cika ɗaukewa ba sai ruwa ya yi ƙarfi sosai. Dish ɗinmu girmansu ɗaya. Mene ne bambancin?

Amsa: Malama, bambancin yana cikin abin da aka yi bayan hoto ya fito. Fitowar hoto rabin aiki ne, kuma abin takaici, a nan ne da yawa daga masu kafawa suke tattara kayansu. Talabijin na dijital ba ya nuna raunin sigina a hankali kamar na da, wanda hotonsa yake yin yashi-yashi yana gargaɗi. Shi muddin siginar ta kai wani mizani, hoton zai fito cikakke, ko ta wuce mizanin da kaɗan ko da yawa. Da zarar kuma ta sauka ƙasa da shi, hoton zai farfashe ya ɗauke gaba ɗaya. Saboda haka dish biyu za su iya nuna hoto iri ɗaya a ranar da gari ya waye tangaran, amma ɗaya yana da rarar sigina mai yawa, ɗayan kuma yana bakin gaɓa. Ɗigon ruwan sama yana shanye wani ɓangare na siginar zangon Ku, wanda yake tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma rarar nan ce ake ci a lokacin ruwa. Naki ba shi da ita.

Gyaran ba ya buƙatar sayen komai a yawancin lokuta. A ranar da babu hadari, a buɗe shafin sigina a sa ido a kan layin inganci. A sassauta notocin juyi kaɗan, a tura dish dama a hankali har ingancin ya fara sauka, a yi alama a jikin turke, a dawo hagu har ya sake sauka, a yi wata alamar, sa'annan a tsayar da shi a tsakiyar alamomin biyu. Haka za a yi wa ɗagawa. Bayan nan a murɗa LNB kaɗan ta kowane gefe a nemi inda lambar ta fi yawa, a kuma gwada matso da shi gaba ko baya a cikin maƙallinsa, domin akwai wuri ɗaya tak da farantin yake tara siginar, kuma bakin LNB ya kamata ya zauna a nan. Idan siginar tana da ƙarfi har lambar ba ta nuna bambanci, masu sana'ar sukan rufe bakin LNB da ɗanyen ƙyalle domin a raunana ta, ta yadda kowane ɗan motsi zai bayyana a allo. Wata hanyar ita ce a yi saitin da firikwensin da ya fi rauni a kan tauraron.

Ɗaure notoci ma yana da ƙa'ida, domin shi kansa ɗaurin yana jan dish ya kauce. Ba a ɗaure noti ɗaya har ƙarshe kafin a taɓa ɗan'uwansa. Ana bin su ne bi da bi, kaɗan a wannan kaɗan a wancan, ido yana kan lambar. Idan an gama, akwai gwaji mai sauƙi da ke da kanki za ki iya sa a yi a gabanki: a tsaya a bayan dish a ɗan matsa gefensa na dama da yatsa, sa'annan na hagu, da sama, da ƙasa. Idan saitin ya yi daidai, kowace matsawa za ta rage ingancin. Idan kuwa wata ta ƙara shi, dish ɗin bai zauna a tsakiya ba, kuma sai a bi wancan ɓangaren. Ina ba duk wanda aka yi wa aiki shawarar kada ya sallami mai kafawa sai an yi wannan gwaji.

Batun iska kuma yana nuna ko dai notocin ba su ɗauru ba, ko turken siriri ne yana rawa, ko an kafa shi a jikin abin da ke motsi, kamar katakon rufi. Idan an yi duk wannan matsalar ba ta kau ba, a duba ko farantin ya lanƙwashe: a ɗaura zare biyu a fuskarsa, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga gefe zuwa gefe, idan lafiyarsa ƙalau, zaren biyu za su taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. Sai bayan haka ne ya kamata a yi maganar babban dish. Ninka faɗin faranti sau biyu yana ninka siginar da yake tarawa sau huɗu, amma ganinsa yana ƙara ƙuncewa, don haka saitinsa ya fi buƙatar haƙuri. Ruwa mai tsananin ƙarfi kuwa yakan ɗauke zangon Ku na ɗan lokaci ko a dish ɗin da aka saita da kyau, kuma wannan ba laifin kowa ba ne.

Tambaya: Na kama tauraron, na yi binciken tashoshi, amma kusan rabinsu ne suka fito. Waɗanda suka ƙi fitowa na lura duk masu harafin H ne. Shin saitin dish ne bai yi ba?

Amsa: Lurar da ka yi ta taƙaita binciken, Malam. Tauraro yana aiko da saƙonninsa ta siga biyu, wasu a tsaye, su ne masu harafin V, wasu a kwance, su ne masu H, domin a yi amfani da firikwensi ɗaya sau biyu ba tare da sun cakuɗe ba. A cikin LNB akwai 'yan ƙananan eriya biyu, ɗaya ga kowace siga, kuma risiba tana zaɓar wadda take so ne ta ƙarfin wutar da take aikawa: volt 13 ga V, volt 18 ga H. Idan kebul ɗin ya yi tsawo da yawa, ko mara inganci ne, ko mahaɗinsa ya yi tsatsa, ko kuma wutar risibar ta yi rauni, volt 18 ɗin ba ya isa LNB a cike, sai ya ci gaba da zama a kan V. Ka gwada da gajeren kebul mai kyau a kusa da dish; idan tashoshin H suka fito, ka san inda matsalar take. Kebul ɗin da ya dace shi ne RG6, kuma wajen ɗaura mahaɗi a kula kada ko silin waya ɗaya daga saƙar waje ya taɓa wayar tsakiya. A riƙa cire risiba daga wuta kafin a ɗaura ko a kwance kebul, domin haɗuwar wayoyin biyu tana iya ƙona sashen da ke ba LNB wuta.

Dalili na biyu shi ne murɗin LNB. Abin da yake tsaye a wurin tauraro ba lallai ne ya iso gare ka a tsaye ba, saboda duniya a dunƙule take. Idan tauraron yana kan layin da ya ratsa wurinka daga arewa zuwa kudu, LNB zai zauna a miƙe. Iya nisansa gabas ko yamma da kai, iya yadda za a murɗa shi, kuma ga waɗanda suke kusa da ikwaita murɗin yakan yi yawa ƙwarai, har ya kusanci digiri 90 a kan taurarin da suke can gabas ko can yamma. Mutum yakan ga LNB ɗin maƙwabcinsa a kwance ya zaci kuskure ne, alhali haka lissafin ya bayar. Idan murɗin bai yi daidai ba, saƙonnin H da na V suna shiga juna, layin ƙarfi yana nan yadda yake amma inganci ya faɗi, kuma tashoshin da suka fi rauni su ne suke fara ɓacewa.

Da a ce waɗanda suka ɓace duk masu firikwensi sama da 11700 ne, wato gigahaz 11.7, da sai mu ce sautin kilohaz 22 ne ba ya tafiya, domin da shi risiba take umartar LNB ya koma babban sashen zangon. A saitin LNB na gama-gari risiba ce take kunna shi da kanta.

Tambaya: A gidan da nake akwai doguwar bishiya da kuma bene a kusa. Ta yaya zan san ko za su tare siginar kafin in fasa bango?

Amsa: Siginar tauraro ba ta ratsa gini, ba ta kuma ratsa ganye, musamman jiƙaƙƙe, don haka dole hanyar da ke tsakanin dish da tauraron ta zama a buɗe. Lissafin yana bin kusurwar ɗagawa. Idan tauraron yana digiri 45, abin da ya ɗara dish tsawo da mita 10 dole ya yi nisan fiye da mita 10. A digiri 30 nisan da ake buƙata ya haura mita 17, a digiri 60 kuwa mita 6 ya isa. Ɓangaren da tauraron yake kaɗai ake dubawa. Abin da ke baya ko gefe ba ya hana komai. A tuna bishiya tana girma, a bar mata rara.

Hawa can saman rufi ba ya ƙara sigina ko kaɗan, domin 'yan mitoci ba su da wani tasiri a kan tazarar dubban kilomitoci. Muddin hanyar a buɗe take, wuri mai ƙasa-ƙasa a jikin bango mai ƙarfi ya fi, saboda iska ba ta dukansa sosai kuma hannu yana kaiwa idan gyara ya taso. A nisanci wayoyin lantarki da tsani da turke, kada a hau lokacin hadari ko walƙiya, a kuma haɗa dish ɗin da wayar ƙasa. Inda kebul zai shiga bango a bar shi ya ɗan lanƙwaso ƙasa tukuna, domin ruwan da ya biyo shi ya ɗiga a waje, a kuma naɗe mahaɗin da ke jikin LNB da tef mai hana ruwa shiga.

Tambaya: Na yi amfani da ƙaramar fainda mai allura da ƙara. Ta yi ƙara sosai, na ɗaure dish, amma risiba ba ta nuna komai ba. Kamfas ɗin wayata ma kullum wani wuri yake nunawa dabam.

Amsa: Irin wannan fainda, wato na'urar neman siginar tauraro, ƙarfin sigina kawai take ji, ba ta san sunan tauraro ba. Duk tauraron da dish ya fuskanta za ta yi masa ƙara, har bango ko jikin mutum yakan motsa allurarta. Taurarin kuwa a wasu sassan zoben digiri biyu ko uku ne tsakaninsu, wani lokaci ma ƙasa da haka, kamar Nilesat a digiri 7 yamma da tauraron Eutelsat da ke digiri 8 yamma. Kusan tabbas wani tauraron ka kama. Wannan ba asara ba ce: ka sa risiba ta yi binciken da ba ya dogara da jerin da ke cikinta, ka ga tashoshin da suka fito, ka gane tauraron da kake kai, daga nan ka san ko gabas za ka matsa ko yamma, da kuma ko ɗagawar za ta ƙaru ko ta ragu. Amfanin faindar yana nan wajen gyaran ƙarshe, idan ana rage maɓallin jinta duk lokacin da allurar ta kai ƙarshe. Wanda zai riƙi aikin sana'a kuwa ya nemi ta dijital, wadda ake sa mata firikwensi ta kuma nuna inganci.

Kamfas, na waya ko na hannu, ƙarfe yana ruɗa shi, kuma dish da turkensa da kwanon rufi duk ƙarfe ne. Ka ja baya 'yan mitoci ka auna, ka sa ido a kan wani abu mai nisa da ke kan layin, sa'annan ka fuskantar da hannun dish gare shi. Arewar da kamfas yake nunawa ma tana ɗan bambanta da arewar taswira, gwargwadon inda mutum yake a duniya. Aikinsa ya kai ka kusa ne kawai, sauran na layin inganci ne.

Tambaya: Zan iya kama taurari biyu da dish ɗaya?

Amsa: Za ka iya, idan suna kusa da juna kuma dukansu suna haska yankin da kake, domin kowane tauraro yana da iyakar ƙasashen da yake watsa wa saƙo, kuma wanda yake wajen wannan iyaka babu saitin da zai kawo masa shi. Ana saita dish a kan tauraron da ya fi rauni da LNB na tsakiya, sai a ɗaura na biyu a gefe a kan maƙalli. Faranti yana juya abin da ya karɓa kamar madubi, saboda haka tauraron da ke gabas da na tsakiya LNB ɗinsa yana zama ta yamma, wanda ya fi tsayi a sama kuma nasa yana sauka ƙasa. Ba a sake taɓa dish ɗin. LNB na biyun ake matsarwa a hankali har ingancinsa ya fito, sa'annan a yi masa nasa murɗin. Iya nisansa daga tsakiya, iya raguwar siginarsa, shi ya sa ake son dish mai ɗan girma. Hot Bird da Astra na digiri 19.2 gabas, waɗanda kimanin digiri shida ne tsakaninsu, har LNB mai kai biyu ake ƙera musu.

Ana haɗa su da makunnin DiSEqC, tsarin da kamfanin Eutelsat ya fito da shi: na 1.0 yana ɗaukar LNB huɗu, na 1.1 har goma sha shida, na 1.2 kuma shi ne mai sarrafa injin da ke juya dish. A tabbatar lambar ƙofar da aka ɗaura kowane kebul ita aka rubuta wa tauraronsa a cikin risiba, a kuma gama saitin kowane LNB kai tsaye kafin a sa makunnin a tsakani. Dish mai inji ba ya yafe karkatar turke ko ta digiri ɗaya, domin zai kama taurarin tsakiya ya rasa na gefe.

Tambaya: Dish ɗina yana aiki lafiya, amma a 'yan kwanakin nan hoto yana ɗaukewa na 'yan mintoci a lokaci ɗaya kullum, rana tana haske babu ko gajimare. In sake saiti?

Amsa: Kada ka taɓa shi, Malam. Sau biyu a shekara, a wajajen watan Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, rana tana bi ta bayan zoben taurarin daidai, ta yadda dish da tauraro da rana suke zama a kan layi ɗaya. Rana ma tana fitar da igiyoyin rediyo, kuma a waɗannan mintoci hayaniyarta tana rinjayar saƙon tauraron. Abin yana maimaituwa na 'yan kwanaki sa'annan ya wuce da kansa. Idan tauraronka yana gabas da kai da safe zai faru, idan yana yamma sai bayan rana ta karkata. Ainihin ranakun suna bin nisan wuri daga ikwaita: a arewacinsa abin yana zuwa kafin 21 ga Maris da kuma bayan 23 ga Satumba, a kudancinsa kuma akasin haka.

Mai niyyar kafa sabon dish yana iya cin moriyar waɗannan mintoci, domin a lokacin rana tana tsaye daidai inda tauraron yake. Duk wurin da hasken rana ya sauka a jikin gida a wannan lokaci yana ganin tauraron, duk inda inuwar bishiya ko ta gini ta rufe kuma ba ya ganinsa, sai a yi alama a bango a ajiye har ranar kafawa. A dish ɗin da aka riga aka saita da kyau, inuwar LNB takan faɗo saitin layin tsakiyar farantin a daidai wannan lokaci, wajen gefensa na ƙasa idan hannun dish ɗin daga ƙasa yake fitowa, kuma a yi dubawar ta inuwa, kada a kalli ranar da ido.